Goggo Baun da Hoton da Ta Bar wa Ulau

Daga Allah muka fito, kuma komai tsawon tafiyar mutum, gare shi zai sauka.

Ranar Talata, 9 ga watan Afrilu, 2019, da hantsi, aka buga kugen tagulla a dogon gidanmu na Sabon Long Sebaya, inda duk garin ke zaune a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowane iyali da ƙofarsa, irin bugun nan mai tsaitsayawa da ba a yinsa sai an yi rashi. Goggona Baun Lenjau, yayar mahaifina, ita ce ta riga mu gidan gaskiya bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Shekarunta sun haura saba'in da biyar. Babu wanda ya san daidai, domin a zamanin da aka haife ta da gonaki ake lissafin shekaru, abin da kawai aka riƙe shi ne an haife ta a shekarar da aka yi noma a bakin rafin Belua. Ina tsaye a gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Bintulu lokacin da 'yarta Suling ta kira ni. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Garau, tsohuwa ta tafi." Na ajiye alli, na ce wa yaran su ci gaba da karatu, na fita. Ban iske gawarki ba sai da yamma, Goggo, an riga an sa miki malafarki mai adon duwatsu a gefen kai, an jera hannuwanki masu jarfa a kan ƙirji.

Ke kika raine ni. Ina ɗan shekara uku kwale-kwalen mahaifina Apoi ya kife a inda kogi ke tafasa a kan duwatsu, aka yi ta nema ba a samu ko rigarsa ba. Mahaifiyata ta koma wajen danginta a can ƙasan kogi, ba ta daɗe ba ita ma ciwo ya ɗauke ta. Kika zo kika ɗauke ni a kafaɗa kika kai ni ƙofarki, kika shimfiɗa mini tabarma kusa da ta Suling. Ban taɓa jin kin kira ni maraya ba, kuma ba a taɓa kirana haka a gabanki an kwashe lafiya ba. Na tuna ranar da wata mata ta ce a ba ni ƙashin kifi, ai ni ɗan riƙo ne. Kika tsame kan kifin daga tukunya kika ɗora a kan ganyena, kika ce mata, "Riƙo ai na kwando ne. Wannan ɗana ne."

Ba ki da sanyin baki, wannan kowa ya sani, kuma ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba. Lokacin da matan gidanmu suka riƙa tafiya birni ana yanke musu dogayen kunnuwan da nauyin zobba ya ja ana ɗinkewa, don kada yaran kasuwa su riƙa nuna su, ke kika ƙi. Suling ta yi kuka, ta ce 'yan ajinsu suna yi mata dariya. Kika ce, "Uwata ta huda, kakata ta rataya mini zoben farko. In kunnen ya dame su, su rufe ido." Haka kika ci gaba da shiga kasuwar Belaga, zobban tagulla suna dukan kafaɗunki, kina cinikin gishiri kamar kasuwar ta ubanki ce. Yau a duk gidan ba a bar mace mai irin kunnenki ba.

A 1998 aka tashe mu daga tsohon Long Sebaya saboda madatsar ruwa. Aka loda mu a jirage da manyan motoci, aka kawo mu nan inda babu kogi sai hanyar motocin katako da gonakin kwakwar manja. Bayan wasu shekaru ruwa ya hau, ya rufe turakun gidan, ya rufe itatuwan durian da muke cin 'ya'yansu, ya rufe kaburbura. Maza sukan je kamun kifi a saman garin, su dawo suna cewa yau mun wuce ta kan coci, yau mun wuce ta kan maƙabarta. Ke ba ki taɓa yarda kin je ba. Kin ce ba za ki tuƙa a kan fuskar uwarki ba. Kuma da ma ba mu fito da wani abin tunawa ba, domin gobarar da aka yi ina ƙarami ta cinye tsohon gidan da duk takardun da ke ciki. Har na yi aure na haifi 'ya'ya ban san kamannin mahaifina ba, sai abin da kike faɗa mini: wai yana da faɗin goshi, yana tafiya kamar wanda ake jira.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bayan haƙƙin raino, shi ne maganar hotunan.

A 2004 gidan tarihi na Kuching ya aiko wa mai garinmu saƙo. Wani likita Bature ya hau koginmu wajen 1950, ya kwana biyu a tsohon Long Sebaya, ya ɗauki hotuna masu yawa. Bayan mutuwarsa aka ajiye su a ma'ajiyar wata jami'a a ƙasarsu, suka yi shekara hamsin a akwati. Yanzu an wanko kwafi, ana so a kawo wa masu su. Da yake ni malami ne, ni aka tura na karɓo. A cikin mota na buɗe na duba. Yara ne da tsofaffi mafi yawa, domin lokacin da ya zo majiya ƙarfi suna gona. A ƙarƙashin kowane hoto akwai rubutun likitan: "Yaron ƙabila." "Tsohuwa mai jarfa." "Dattijo, daga gefe." Babu suna ko ɗaya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka ɗaura igiya a baranda daga wannan ƙofa zuwa waccan, muka rataye su. Ban taɓa ganin barandar nan ta yi shiru irin na ranar ba. Tsofaffi suka riƙa bin igiya a hankali, hanci kusa da takarda. Can wata tsohuwa ta dafa bango ta zauna, ta fara kiran sunan uwarta. Daga nan kuka ya kama ko'ina. Ke ce kika karya shi. Kika tsaya a gaban hoton wani yaro tsirara, ciki kamar tulu, majina har leɓe, kika ɗaga murya kika ce, "Jama'a, ku zo ku ga mai gari! Wannan ne yau yake kafa mana dokar shara." Mai gari ya matso da tabarau yana cewa, "Baun, ki ji tsoron Allah, wannan ba ni ba ne." Kika ce, "Cibiyar ma ƙarya take yi? Ɗaga riga mu gani." Mutanen da hawaye bai bushe a fuskarsu ba suka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce a ba shi hoton ya ɓoye kafin surukansa su gani.

Tun daga ranar kika ɗauki abin ya zama aikinki. Kin ce ba a barin mutum tsaye babu suna, ko da a takarda ne. Kukan zauna da sauran tsofaffi ku yi ta gardama a kan fuska ɗaya har shayi ya huce, wannan ya ce ɗan wane ne, ke ki ce a'a, dubi zanen da ke kan abin goyon, na gidan su wance ne. In kun daidaita, sai ki kira ni in rubuta. In aka gano cewa jikokin mai hoton suna wani dogon gida, ba kya aikawa. Kikan ƙunshe shinkafa a ganye, ki sa hoton a leda a cikin riga, ki tsaya a bakin hanya har motar katako ta rage miki hanya. Na san wani mutum a can bayan Belaga da ya yanka miki kaza yana kuka, domin kin kai masa fuskar kakan da aka sa masa sunansa. Kin dawo da ƙafa a kumbure, kina masifa cewa kazar tsohuwa ce.

A cikin hotunan akwai wanda ya so ya ta da rikici. Kakanki ne, Pui Tingang (Pui muke ce wa tsoho), a zaune a kan turmi, an riƙe allo mai lamba a gefen kunnensa, hannun wani farin mutum ya kafa masa ƙarfen awo a kai kamar ana gwada kabewa. Wani saurayi cikin jikokin gidan, da ya dawo daga sansanin katako, ya fizge shi daga igiya ya nufi murhu. Ya ce ba za a rataye wulaƙanci a barandarmu ba. Kika tare shi da sandarki. Kika ce, "Sauke hannunka, ɗan nan. Ƙarfen na Bature ne, fuskar tamu ce. In ka ƙona, wa ka ƙona?" Sannan kika ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba, domin kina wurin aka yi. Da likitan ya gama awo, sai Pui Tingang ya miƙa hannu ya karɓi ƙarfen, ya ce shi ma baƙo zai zauna a turmi. Ya auna hancin Bature daga sama har ƙasa, ya juyo ya gaya wa jama'a cewa wannan hanci zai isa a rataye kwando biyu. Kika ce, "Gidan nan har ya girgiza don dariya. Wannan ne ba su ɗauka ba." Saurayin ya mayar da hoton da hannunsa. Yana nan har yau.

Sai kuma hoton yarinyar. 'Yar kimanin shekara bakwai ce, tana tsaye a gindin tsanin gida, ta goya jariri a abin goyo na katako, ta karkata kai tana kallon gefe kamar an kira ta. Rabin fuskar jaririn ya leƙo ta bayan kafaɗarta.

A ƙarshen baranda akwai ƙofar Pui Merang Usat, masassaƙin kwale-kwale. Tsoho ne mai wuyar sha'ani, bai taɓa haihuwa ba, matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma tun da aka kawo mu inda babu kogi ya daina sassaƙa, ya daina fitowa. Ke da shi kun fi shekara ashirin ba kwa ga maciji, a kan wani itacen durian da ke kan iyakar gonakinku, itacen da a lokacin ma yana jiran ruwa ya haɗiye shi. Kowa ya san tabon da ke zuciyarsa. Shekara guda bayan zuwan likitan, ƙyanda ta shiga gidan ta kwashe yara. Merang yana can saman kogi tare da ubansa, ya dawo ya tarar an binne ƙanwarsa Ulau, wadda su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Uwar ba ta ƙara shekara ba.

Ranar da aka rataye hotunan ya fito a makare, yana jan ƙafa, ido ɗaya ya riga ya yi fari. Ya bi igiya har ya zo kan yarinyar. Ya tsaya. Ya kai yatsa ya taɓa takardar, ya ce, "Ulau." Ya sake faɗa, muryarsa ta koma ta yaro. Sannan ya juyo, duk barandar ta juyo tare da shi, aka zuba miki ido, domin ke ce sa'arta kuma abokiyar wasanta. Ya ce, "Baun, ke kin san ta. Ita ce ko?" Maganar farko da ya yi miki ke nan cikin shekaru. Kika karɓi hoton kika daɗe kina dubawa. Na ga leɓenki yana motsi. Kika miƙa masa, kika ce, "Ita ce, Merang. Garau, rubuta." Na rubuta: Ulau Usat.

Tsohon nan ya koma ɗaki da hoton a ƙirji. Bayan kwana kaɗan muka ji ƙarar gizago daga ƙofarsa. Ya sassaƙa wa hoton gida da baƙin katako mai ƙarfi, ya zana masa irin zanen da ake yi a goshin kwale-kwale, ya rataye a inda hasken safe ke faɗawa. Ya fara barin ƙofarsa a buɗe. Ya fara fitowa baranda da kofinsa, ya zauna nesa da ke kaɗan, ya ce, "Kin tuna yadda take dariya?" Ke kuma ki ba shi labari: yadda Ulau ke tsoron kaguwa, yadda ta taɓa sace zuma ta ɗora wa kare laifi, waƙar da take yi in tana daka. Duk gaskiya kike faɗa masa, domin kin san ta fiye da yadda ya san ta. Maganar durian ba a ƙara tayar da ita ba.

Shekara biyar ana haka. A 2009 gidan tarihi ya aiko cewa za a buga hotunan a littafi da sunayen da muka bayar, a kuma kafa su a bango a Kuching. Suka aiko da manyan kwafi don mu tabbatar. Suling ce ta ɗauki na yarinyar ta kai bakin taga. Babban kwafin ya fito da abin da ƙaramin ya ɓoye. Ta rufe ƙofa, mu uku a ɗaki, ta ajiye shi a gabanki.

Ta ce, "Inna, wannan tabon da ya raba girar hagu, na wa ne?"

Kika ce, "Yara da yawa suna faɗuwa daga tsani."

Ta ce, "Abin goyon fa? Kan damisa biyu da haƙori a tsakiya. Ba ke kika koya mini cewa zanen gidanmu ne ba? Inna, ke ce. Ki dube ni ki ce ba ke ba ce."

Kika murza zoben kunnenki. Can kika ce, "Ni ce. Sai me?"

Suling ta fashe da kuka. Ta ce wannan ne kaɗai hoton ƙuruciyarki a duniya, kin ɗauka kin ba mutumin da ya yi shekaru yana zaginki, yanzu kuma za a buga sunan wata a kai har abada. Kika ce mata, "Ni ina da madubi, ina da ke, ina da 'ya'yanki masu girata da bakina. Shi me yake da shi? Ulau ko kabari ba ta da shi yanzu, kifi ke yawo a kai. Ranar nan da na ce masa ba ita ba ce, da kun binne shi kafin girbi."

Ni kuwa idona yana kan jaririn. Yarinyar da ke da ƙane ɗaya tak, wa za ta goya? Na ce, "Goggo, wannan wa ke nan a bayanki?" Ba ki kalle ni ba. Kika ce, "Ubanka ne." Ina da shekara talatin da bakwai a lokacin, ranar na fara ganin goshin mahaifina, rabinsa kawai, ta bayan kafaɗarki. Na yi fushi, Goggo, kin sani. Na ce shekara biyar yana rataye a ɗakin wani, ina wucewa ta ƙofar, ba ki gaya mini ba. Kika ce, "Na sani. Kullum ina neman hanyar da zan ba ka ba tare da na ƙwace wa Merang ba, ban samu ba. Ka ba ni zuwa gobe." A dogon gida babu bangon da yake na mutum shi kaɗai. Da na rataye hoton a ƙofarmu, kafin azahar an fara tambaya.

Washegari da safe, baranda cike da masu shan shayi, kika ɗauki babban kwafin kika nufi inda Merang yake zaune. Kika ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Merang, tsufa ya ci ni. Sai da aka ƙara girman hoton nan na gane jaririn. Apoi ne, ƙanena. Ga abin goyonmu nan. Ka san Ulau da son goyo, kullum tana ƙofarmu tana roƙon a ba ta shi." Tsohon ya kai hoton kusa da idonsa mai gani, ya daɗe, sannan ya ɗago yana nemana. Ya ce, "Garau, zo nan. Ashe ƙanwata ta goyi ubanka." Ya kama hannuna ya ƙi saki. A littafin da aka buga, abin da ke ƙarƙashin hoton shi ne: Ulau Usat, goye da Apoi Lenjau. Shi ya sami ƙanwarsa, ni na sami ubana, na rataye shi a fili ba mai tambaya. Ke kaɗai kika tashi hannu wofi, kuma kika koma kika ci gaba da tsince ganyen rogonki kamar ba a yi komai ba.

Daga ranar Pui Merang ya ɗauke ni ɗa. In na zo hutu sai ya aiko a kira ni, mu zauna a ɗakinsa a ƙarƙashin hoton, yana ba ni labarin kogi, yana kallon yarinyar ina kallon jaririn. Ya sassaƙa wa 'ya'yana ƙananan kwale-kwale na wasa. Da ciwo ya kwantar da shi a 2014, matata da Suling ne suka yi jinyarsa, ke kuma kina dama masa kunun shinkafa kina yi masa faɗa in ya ƙi sha. Ya roƙi a sa masa hoton a akwatin gawa. Ke kika ciro shi daga bango, kika ɗora masa a ƙirji da hannunki. Har yau ban sani ba ko ya taɓa ganewa. Idonsa ɗaya ne, amma masassaƙi ne, kuma ya yi shekaru yana zama kusa da girarki. In ya gane, bai faɗa ba.

Bayan an binne shi na same ki, na ce yanzu sai mu rubuta wa gidan tarihi a gyara. Kika ce, "A gyara me? Wa ya ce maka ya lalace?" Na ce gaskiya fa, Goggo, masu bincike za su zo bayanmu su dogara da abin da muka rubuta. Kika yi tunani, domin ba kya raina magana in tana da nauyi. Kika ce, "To, in na mutu ka faɗa, don kada a ce mun yi wa na baya ƙarya. Amma sunan kada a goge. Yarinyar nan ta zauna a duniya shekara takwas, ba ta bar komai ba. Ku bar mata wurin tsayawa." Ga shi na faɗa. Mun zauna da Suling da sabon mai gari bayan jana'iza, mun yanke cewa za a aika wa gidan tarihi wannan bayani su ajiye a gefe, sunan kuma ya zauna yadda kika bar shi.

Ganina da ke na ƙarshe a Kirsimetin da ta wuce ne. Kin rame, zobban sun yi wa kunnenki nauyi har kin rage su. Sa'o'inki duk sun tafi, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka ga mutanen hotunan nan da ransu. Da yawa sun sami suna, amma akwai ragowa, kuma cikinsu akwai ɗaya da ya hana ki sakat: wani yaro mai riƙe da ɗan kwikwiyo, yana dariya, haƙoran gaba babu. Na tarar da ke a baranda da shi a cinya. Kika ce, "Na san shi, Garau. Ƙofarsu ta uku daga tsani. Uwarsa gurguwa ce. Ƙyandar nan ce ta ɗauke shi, shi da yayyensa, gidan ya mutu gaba ɗaya. Mun yi wanka a rafi tare. Sunan yana nan a bakina." Kika riƙa jero sunaye kina girgiza kai. Na ce ki huta, zai zo. Kika ce, "In bai zo mini ba, wa zai zo wa?" Ban taɓa ganin kin yi kuka a kan mijinki ko a kan garin da ruwa ya ci ba, a gaban mutane dai. Ranar na ga hawayenki a kan yaron da ya mutu kusan shekara saba'in da suka wuce. Suling ta ce har makon da kika kwanta kina tambaya a miƙo miki shi. Sunan bai zo ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar'uwata Suling Baun da mijinta da 'ya'yansu, waɗanda suka yi jinya ba su gaji ba. Ina yi wa dangin Lenjau na nan da na ƙasan kogi ta'aziyya, da mai gari da dattawan coci, da dukan ƙofofin Sabon Long Sebaya, da mutanen sauran dogayen gidaje da suka hau motocin katako suka zo jana'iza, wasu riƙe da hotunan da ta kai musu. Rashin na kowa ne. Wanda ta taɓa ɓata wa rai da harshenta, ina roƙonsa ya yafe mata, domin cikinta ba shi da ƙulli.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki da hannun rahama, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Yadda kika rufa wa maraya asiri, kika share wa tsoho hawaye da abin da ba ki da na biyunsa, Ubangiji ya saka miki da abin da ya fi shi. Ya jiƙan Apoi da kogi bai dawo da shi ba, ya jiƙan Merang da Ulau, da duk namu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ya jiƙan yaron nan mai ɗan kwikwiyo, wanda yanzu babu mai sanin sunansa a bayan ƙasa sai shi da ya halicce shi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Ɗanki,
Garau Apoi